Yadda Ake Sayen Injin V8 na Hannu da Kayansa Don Dasawa a Datsun 240Z

Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin bonet ɗin tsohuwar Datsun ɗina, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, nawa ka sayi injin?" Na sha ba da amsa, kuma kullum ba ta gamsar da kowa, don injin shi ne abu mafi arha a duk aikin. Abin da ya cinye mini aljihu shi ne 'yan ƙananan kayan da na bari a jikin motar da aka ciro shi, na dawo ina binsu ɗaya-ɗaya da tsada. Shi ya sa na zauna na jera matakan yadda ya kamata a bi su.

Misalin da zan yi aiki da shi: Datsun 240Z, da 'yan'uwanta 260Z da 280Z, waɗanda Nissan ta ƙera daga 1969 zuwa 1978, za a cire musu injinsu mai silinda shida a dasa V8, wato inji mai silinda takwas, na kamfanin GM (General Motors) na Amurka, dangin da ake kira LS. Wanda motarsa daban ce, lambobin za su canja, amma jerin matakan na nan.

1. Fara da motar, kada ka fara da kasuwa

Ɗaga motar, ka shiga ƙarƙashinta da tocila da sukundireba. Waɗannan motoci falankinsu siriri ne, kuma tsatsa ta san inda take zama: dogayen ƙarafan shasi biyu da ke ƙarƙashin ƙafar direba da fasinja, daɓen motar, mazaunin batir, da inda ƙarfen gaba ya haɗu da bangon da ya raba inji da cikin mota. Soka sukundireba. In ta shige, aikinka na farko wajen mai walda yake.

Injin 240Z na asali ƙarfin doki 150 ne da ɗoriya kaɗan. Wanda za ka dasa ya kusa ninka shi biyu, a jikin motar da nauyinta bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba. Shasin da tsatsa ta ci ba zai ɗauki wannan ba. Ƙofofi za su fara ƙin rufuwa, gilashin gaba ya tsage.

Gargaɗi: tsohon injin da giyarsa da kafiretocinsa, kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Zuba mai a ramukan fulogi, rufe shi, ajiye. A 240Z lambar injin na rubuce a farantin da ke cikin ɗakin inji, kuma masu tara irin waɗannan motoci suna biyan kuɗi mai kauri ga wadda injinta na asali ke nan.

2. Zaɓi giyabos kafin inji

Mutane sukan juya wannan, su sha wahala. Giyar da ka zaɓa ita ce za ta faɗa maka irin wayarin, irin birenbos (kwamfutar da ke sarrafa inji), irin fulawil, tsawon farfela (sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul na baya), da ko za a daki ramin da giya ke kwana a ciki da guduma.

Zaɓi uku ne aka fi bi. Na farko T56 mai giya shida, na Chevrolet Camaro ko Pontiac Firebird na 1998 zuwa 2002. Shi ne ke ɗaurewa kai tsaye, kuma sandar giyarsa na fitowa kusa da ramin Datsun na asali. Sai dai mai lafiya yakan fi injin kansa tsada, wani lokaci ya ninka. Na biyu CD009 na Nissan 350Z, mai giya shida shi ma, ƙaƙƙarfa, amma sai an sayi farantin haɗi na musamman, kuma jikinsa ƙato ne. Na uku otomatik 4L60E, wanda galibi tare da injin yake zuwa, shi ne mafi sauƙin kuɗi.

Gargaɗi: T56 na Camaro 1993 zuwa 1997 na wani inji ne daban, LT1. A ido kamarsu ɗaya, amma sandar shigarsa da ƙoƙon gabansa ba su dace da LS ba. Na Corvette kuma a bayan mota yake zama, manne da aksul, ba zai yi maka amfani ba ko kyauta aka ba ka. In otomatik ne, tabbatar na mota mai jan ƙafa biyu ne; na mai jan ƙafa huɗu gindinsa daban ne, sai an farke shi gaba ɗaya kafin a canja sandar fita.

Wajen gwada giyabos ta hannu a ƙasa, kama sandar shiga ka girgiza ta sama da ƙasa, sannan ka sa kowace giya kana juyawa da hannu kana saurare. Kwance notin tsiyayar mai ka dubi abin da ya fito. Ƙura mai laushi kamar kwalli ba komai. Ƙyalƙyalin tagulla mai yawa ko gutsuren ƙarfe da za ka ji a yatsa, ajiye musu abinsu.

3. San injin da sunansa

"LS" suna ne na babban gida. Na Corvette da Camaro, wato LS1 mai lita 5.7, bulok ɗinsa alminiyam ne, ga tsada. Abin da yawancin mutane ke dasawa shi ne 5.3 na manyan motocin GM irin su Silverado, Tahoe, Suburban da Yukon, na 1999 zuwa 2007. An ƙera su da yawan gaske, shi ya sa suke da araha, kuma suna da juriya.

In motar na tsaye, dubi harafi na takwas a lambar shasi. T na nufin 5.3 mai bulok ɗin ƙarfe, LM7. Z shi ne tagwayensa L59. B na nufin L33, 5.3 mai bulok ɗin alminiyam na 2005 zuwa 2007, wanda in ka same shi ka yi sa'a, don ya fi na ƙarfe sauƙi da kusan kilo 40, kuma a hancin ƙaramar mota irin Z wannan ba kaɗan ba ne. U da N na lita 6.0 ne. V kuwa 4.8 ne.

Nan aka taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa. Bulok ɗin 4.8 da na 5.3 ɗaya ne, har rubutun jikinsa "4.8/5.3" yake cewa. Wani mai shago ya nuna mini rubutun da yatsa, ya ce, "Ga shi nan, Alhaji, da idonka ka gani." Sai da na kai gida na zura kyamara ta ramin fulogi na ga kan fiston a shafe sumul. Fiston ɗin LM7 yana da ɗan kwarmi a tsakiya kamar faranti, na 4.8 a miƙe yake. Ba mugun inji ba ne, amma kuɗin 5.3 na biya. (L33 ma kan fiston ɗinsa a miƙe yake, sai dai shi mayen ƙarfe ba ya kama bulok ɗinsa, ka ga an rabu.)

Abu na biyu, zubin injin. A jikin karanshaf akwai wani faranti mai haƙora da birenbos ke ƙirgawa don sanin lokacin ba da wuta. Tsohon zubi haƙora 24 ne, sabon zubi 58. Leƙa bayan mazaunin kik, a gefen dama na injin: in sensar baƙa ce, 24 ne, in ruwan toka ce, 58. Birenbos ɗin wannan ba ya tuƙa wancan.

Shawarata ga mai yin aikin karon farko: tsohon zubi. Yawancin 5.3 daga 2007 zuwa sama suna da tsarin kashe silinda huɗu don tsimin mai, kuma tafet ɗin wannan tsari sun yi suna wajen maƙalewa. Cire tsarin na nufin sabon kamshaf, sababbin tafet, cire tof silinda biyu da sake rubuta birenbos. Za ka gane shi in ka leƙa ƙarƙashin manifol ɗin iska: murfin tsakiyar injin yana da jijiyoyi a kumbure da soket ɗin waya a baya, maimakon ya zama faranti shafaffe.

4. Inda ake samu

In kana Najeriya, wuraren da za ka fara tambaya su ne Ladipo a Legas, Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Ka sani dai injinan GM ba su cika kasuwanninmu kamar na Toyota da Honda ba, saboda haka za a yi ta ce maka "bari a kira Legas". Yi haƙuri, kada ka ba da kuɗi kan hoton waya.

Hanya ta biyu ita ce sayowa daga Amurka. Car-Part.com na haɗa jerin kayan bolar motoci masu yawa a wuri ɗaya, LKQ babban kamfanin kayan hannu ne, Copart da IAA kuma gwanjon motocin da suka yi hatsari suke yi. Injin 5.3 na ƙarfe a can yakan kama daga 'yan ɗaruruwan daloli zuwa dubu ɗaya da wani abu, gwargwadon tafiyar da ya yi da abin da ya biyo shi. Kuɗin jirgi da na kwastam na iya kamo kuɗin injin ko su wuce.

A ganina, mafi alheri shi ne ka sayi mota sukutum wadda aka daka ta baya ko ta gefe, ko rabin mota na gaba da aka yanko. Motar da ta yi hatsari tana tafiya ne lokacin da abin ya faru, wato injinta na aiki. Wadda jikinta ke lafiya lau amma aka kai ta bola, tambayi kanka me ya kashe ta.

Gargaɗi: guji motar da ambaliya ta ci, komai arharta. Kuma garantin kwana 30 ko 90 da masu bola ke bayarwa, kafin kwantena ta iso Apapa ko Tin Can a fito da ita, ya ƙare ko ya kusa. Biya wani a can ya gwada maka injin kafin a loda.

5. Gwajin inji

Tafi da bakaniken da kai kake biya, ba wanda mai shago zai sallama da la'ada ba. Ɗauki tocila, mayen ƙarfe, soket 24 da doguwar sanda, soket ɗin fulogi, soket 8 da 10, agogon gwada matsin silinda, batir mai caji da wayoyin jona shi, farin tsumma, da 'yar kyamarar nan mai kama da tiyo da ake jonawa a waya. Kyamarar ba ta kai kuɗin tankin mai ɗaya ba, ga ta tana hana asara.

Da farko ka dubi injin yadda yake. Wanda aka wanke fes aka fesa masa fenti ya fi ba ni tsoro a kan mai ƙura, don wankin ya share shaidar inda yake yoyo. Dubi ramukan iska da na hayaƙi: in a buɗe aka bar su a fili damina ta wuce a kai, ruwa ya shiga.

Cire fulogi takwas, ka jera su a kan kwali yadda suke a injin. Ya kamata launinsu ya zo ɗaya, ruwan ƙasa-ƙasa. Wanda ya jiƙe da baƙin mai, silindarsa na shan mai. Wanda ya fita fari tas kamar sabo a cikin 'yan'uwansa masu datti, ruwa ne ke shiga yana wanke shi: gaskit ko tsagewa.

Sa soket 24 a notin fulin gaba, ka juya injin zagaye biyu cikakku. Ya tafi sumul, ba tare da wurin da yake cijewa ba. In ya tsaya cak, kada ka yarda da "tsatsar zama ce kawai, in ya sha mai zai saki".

Zura kyamara a kowace silinda. Kana neman 'yan siraran layukan da suka gitta juna a bango, alamar bangon bai cinye ba. Zane mai zurfi daga sama zuwa ƙasa, tsatsa mai layi kamar inda ruwa ya kwanta, ko tabo a kan fiston, duk dalilin tafiya ne.

Sai ka cire murfin bawul, akalla ɗaya. 'Yan notuna ne. Injin da aka kula da shi cikinsa ruwan zuma ne, ƙarafan na sheƙi. Wanda aka yi wa rowar baƙin mai za ka ga baƙin dasƙararren abu kamar kwalta a kusurwoyi. Wanda ruwa ke haɗuwa da mai kuwa za ka ga wani abu kamar kunun gyaɗa a manne a cikin murfin. Kana nan, dubi lambar tof silinda, lamba uku a kusurwar gaba kusa da murfin. 862 da 706 su ne na 5.3 na yau da kullum, 243 da 799 sun fi su numfashi, 317 na 6.0 ne. Wasu daga cikin 706, waɗanda kamfanin Castech ya zuba, an san su da tsagewa a ciki suna zubar da ruwa cikin mai. Alamar ita ce wani wuri da ya wanke fes kusa da ramukan da mai ke komawa ƙasa, alhali ko'ina na da launin mai.

In injin na da kik da faranti a baya, za a iya gwada matsi ko a ƙasa yake, muddin an tokare shi da kyau kuma akwai mai a ciki. Littafin GM ya ce kada wata silinda ta gaza psi 100, kuma mafi ƙanƙanta kada ta gaza kashi 70 cikin ɗari na mafi girma. Wannan iyakar mai gyara ce. Kai mai saye ne, nemi su zo kusa da juna, tazarar kada ta wuce kashi 10 zuwa 15. In ɗaya ta faɗi, ɗiga mata ɗan mai ta ramin fulogi ka sake. Ta tashi, ringi ne. Ba ta tashi ba, bawul ne ko gaskit.

In motar na tashi, ka more. Je da sassafe, ka taɓa injin da hannu ka tabbatar ba a ɗumama shi kafin ka zo ba. Waɗannan injina wasu kan yi 'yar ƙwanƙwasa in suna sanyi, ta ɓace cikin minti ɗaya ko biyu. Wannan sananne ne, ba ya kashe su. Ƙwanƙwasar da ke ƙaruwa in inji ya yi zafi ita ce ta metal, wato beyarin da karanshaf ke juyawa a kai. Dubi agogon matsin mai bayan ya yi zafi sosai, ba lokacin da aka tayar ba.

Abu na ƙarshe, ƙirga notunan manifol ɗin hayaƙi. Na can baya sukan karye a cikin tof silinda. Ba ya hana saye, amma hujjar ragi ce, kuma cire su ya fi sauƙi tun injin na ƙasa.

6. Abin da dole ya biyo injin

Wannan matakin ne ke raba wanda zai gama a wata shida da wanda motarsa za ta shekara uku a kan bulo. Kafin a yi maganar kuɗi, rubuta jerin nan a takarda, ka sa mai shago ya ajiye kowanne a gabanka:

- wayarin injin gaba ɗaya, har da akwatin fis na ɗakin inji, ba a yanke ba
- birenbos na wannan motar
- kwayil takwas da birakit ɗinsu
- nozul takwas da bututunsu
- sensar iska da ke cikin tiyon shiga, da sensocin hayaƙi na gaba guda biyu
- kik, altaneta, famfon ruwa, fuli da duk birakit ɗin gaba da notunansu
- sandar gwada mai da bututunta
- in totur ɗin na lantarki ne: feda, ɗan akwatin da ke sarrafa ta, da wayar da ta haɗa su

Masu ciro inji sauri suke yi, almakashi ne abokin aikinsu. Na taɓa tsayawa ina kallo wani yaro ya datse damin wayoyi mai kaurin hannu a bakin bango, cikin daƙiƙa biyu, don kada ya ɓata minti goma yana kwance soket. Mai wayarin da ya gyara irin wannan sai da ya yi kwanaki yana bin waya ɗaya-ɗaya da mita. In za a ciro injin ne saboda kai, tsaya a wurin, ka yi wa yaran alheri tun kafin su fara, ka ce a kwance, kada a yanka.

Maganar totur: manyan motocin 1999 zuwa 2002 da wayar ƙarfe suke jan totur, daga 2003 yawancinsu suka koma lantarki. Mai wayar ƙarfe ya fi sauƙin haɗawa da fedar Datsun. Mai lantarki ma yana yi, amma fedar da akwatinta da bakin injekta (ƙofar iskar da totur ke buɗewa) dole su zama 'yan gida ɗaya. In ka haɗa na shekaru daban-daban, injin zai tashi ya ƙi karɓar totur. Birenbos ɗin ma ana gane shi da launin soket: shuɗi da ja na farkon shekarun ne, shuɗi da kore na 2003 zuwa sama.

Gargaɗi: birenbos ɗin na da tsarin hana sata. In ba a goge shi ba, injin zai tashi ya mutu bayan daƙiƙa biyu, ka yi ta canja famfon mai da sensa a banza. Ana goge shi da kwamfuta, da manhaja irin HP Tuners ko EFILive, a kuma cire sensocin hayaƙi na baya, a faɗa masa irin giyar da aka sa. In daga waje kake sayowa, sa a yi wannan a can kafin a loda. In a gida ne, nemo mai yi tun kafin ka biya kuɗin inji.

7. Kayan da za su sa ya shiga Datsun

Injin babbar mota dogo ne sama da ƙasa, Z kuwa a kwance take. Abu uku ne za su canja.

Manifol ɗin iska na babbar mota ba zai bar bonet ya rufu ba. Ana sa na LS1 ko LS6, gajere. Saye shi da bututun mai da nozul ɗinsa, don na babbar mota tsayinsu da soket ɗinsu daban ne. Roba ce, juya shi ka duba ƙasansa da tocila ko ya tsage.

Kwanon baƙin mai na ƙasa shi ma ya yi zurfi. A titunanmu masu tudun rage gudu, rana ɗaya zai yi. Wanda aka saba sawa na Camaro 1998 zuwa 2002 ne. Dole ya zo da bututun tsotso mai, farantin da ke samansa, da sandar gwaji tasa. Kwanon wani da bututun wani, ko dai ya toshe a gindi ko ya rataya yana tsotsar iska, inji ya buga.

Sai kayan gaba. GM ta yi su a tazara uku: na Corvette sun fi matsowa jikin inji, na Camaro a tsakiya, na manyan motoci sun fi fitowa. Fulin karanshaf, famfon ruwa da birakit ɗin altaneta dole su fito daga gida ɗaya, in ba haka ba bel zai riƙa tsalle. Kuma in ka sa gajeren manifol, bakin injekta kan ci karo da wuyan famfon ruwan babbar mota. Shi ya sa wasu ke ganin gara a biya tsadar LS1 na Camaro da giyarsa T56 a dunƙule, tun da duk abubuwan nan uku a jikinsa suke. In ka yi lissafi da biro, sau da yawa tazarar ba ta kai yadda ake zato ba.

Sit ɗin inji da na giya, kamfanoni irin su Dirty Dingo da CX Racing na yin na wannan mota. Zaɓi ɗaya tun wuri, don inda ya ajiye injin shi ke yanke irin manifol ɗin hayaƙin da zai wuce sandar sitiyari. Mai walda ƙwararre zai iya ƙerawa, amma da injin da giyar a rataye a cikin motar, ba da awon baki ba.

8. Bayan motar da birki

240Z da ƙaramin aksul R180 take zuwa. Nemi R200, wanda ke cikin yawancin 280Z masu giyar hannu, da 280ZX, da 300ZX na shekarun 1980. Mai dogon hanci ake so. Karɓo shi da ƙarfen da ke rataye shi ta baya, don na R180 bai dace ba. Buɗe murfin ka dubi haƙora, ka ƙirga juyi ka san rabonsa. Guntayen sandunan da ke riƙe ƙafafun baya na 280Z sun fi na 240Z kauri, haƙora 27 maimakon 25. In ka gansu, ɗauka.

Farfela ita ce ƙarshen saye. Sai inji da giya da aksul sun zauna daram sannan a auna, a yanka, a daidaita ta kada ta yi rawa.

Birki kuwa, kalifa mai fiston huɗu na tsohuwar a-kori-kurar Toyota mai jan ƙafa huɗu, ta farkon shekarun 1980, tana ɗaurewa a gaban Z. Ta hannu ba laifi, in za a sake mata robobi.

9. Abin da ba a saya na hannu

Kulochi da beyarin ɗinsa. Famfon fetur, wanda dole ya riƙe psi 58. Tiyon kafireta na da ba zai ɗauki wannan matsi ba, kuma fetur a kan salansa mai zafi ka san ƙarshensa. Matatar mai ta Corvette 1999 zuwa 2004 tana da mai daidaita matsi a cikinta, ita ake yawan amfani da ita. Sai tiyoyin ruwa, bel, fulogi, oyil sil na gaba da na baya, gaskit ɗin kwano da na manifol, da 'yar robar zoben da ke wuyan bututun tsotso mai, wadda ba ta kai kuɗin abincin rana ba amma in ta taurare matsin mai ke faɗuwa. Sensocin ƙwanƙwasa biyu da ke ƙarƙashin manifol a tsohon zubi ruwa kan taru a raminsu su yi tsatsa. Canja su tun manifol na waje. Notin fulin karanshaf da notunan tof silinda sau ɗaya ake ɗaure su, in an kwance sai sababbi.

In injin daga mota otomatik ya fito kuma giyar hannu za ka sa, babu ƙaramin beyarin a gindin karanshaf. Saya ka buga kafin a ɗaura fulawil. An sha mantawa, a sauke giya a sake.

Lagireto ma sabo, na alminiyam, da fanka mai ƙarfi. Kuma don Allah kada ka bari a cire tamostat "saboda zafin ƙasarmu". Birenbos na lissafin mai da zafin injin ne. Akwai kuma 'yan siraran bututun tururi a gaban tof silinda biyu. A jona su da saman lagireto, kada a toshe.

10. Ciniki, rasit da takardu

Yi cinikin jerin gaba ɗaya a dunƙule, kada ka gama na inji sannan ka ce "af, birenbos fa?" Da zarar mai shago ya ga injin ya zama naka, kowane soket farashinsa ya tashi. Duk abin da babu a jerin, a cire kuɗinsa.

Rasit ya ɗauki sunan shago, lambar injin, lambar shasin motar da aka ciro shi in akwai, jerin kayan da suka biyo shi, da kwanakin gwaji da kuka yi yarjejeniya. Kwana bakwai da aka saba bayarwa ba ya isar mai dashe, don injinka ba zai tashi a mako ɗaya ba. Ko dai ka nemi a ƙara, ko ka tayar da shi a ƙasa cikin kwanakin. Sa wa bulok da tof silinda alama da fenti a wurin da kai kaɗai ka sani, ka ɗauki hoto, kuma ka tafi da kayanka ranar da ka biya. Injin da ya kwana a shago bayan an biya, wani lokaci da safe altanetarsa ta tsufa.

Wanda aka turo daga waje, a tsiyaye mai da ruwa, a toshe ramuka, a ɗaure shi a kan katako, a naɗe wayarin da birenbos a kwali daban. Ajiye takardun kwastam. Bayan an gama aikin, je ofishin lasin a gyara lambar inji a takardun motar, kada wata rana a shingen hanya a ce maka injin sata ne.

Wajen kasafi, ni yadda nake yi: duk abin da inji da giya suka ci, ina ware kwatankwacinsa don kayan mataki na 7 zuwa na 9, sannan in ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na jimlar don abin da ban hango ba. Kuɗin hannun bakanike, mai wayarin da mai walda daban ne, kuma a biya su mataki-mataki.

11. Kafin ya shiga mota

Da injin ya iso, cire kwanon ƙasa, tun da dama canja shi za ka yi. Shafa yatsa a gindin tsohon: ƙyalƙyali kamar garin zinariya na nufin metal ya fara ci, mayar da shi tun kwanakin gwaji ba su ƙare ba. In lafiya, ɗaura sabon kwano, zuba mai, cika filta, cire fulogi, ka juya shi da kik har agogo ya nuna matsin mai ya hau. Sannan a mayar da fulogi, a jona fetur da batir, a ajiye abin kashe gobara kusa, a tayar da shi na 'yan daƙiƙu a kan katakonsa. In ya tashi ya mutu nan take, koma kan birenbos kafin ka taɓa komai.